Ajiye injin feshi tukuna

Ka ce min: "Maigida, bishiyoyin sifurus ɗin da muka dasa ganyensu ya fara komawa ruwan ƙasa, in haɗa magani in yi feshi?" A'a, ɗana, ajiye injin tukuna. Galibi matsalar sabon dashe a ƙarƙashin ƙasa take, inda feshi ba ya kaiwa.

Bishiyar da aka haƙo da dunƙulen ƙasarta ta baro yawancin saiwoyinta a inda ta tashi, wani lokaci har kashi 90 cikin 100. Ga shi sifurus, bishiyar ƙasashen sanyi da Turawa ke kira spruce, ba ta zubar da ganye ta huta. Tana nan da siraran ganyenta masu kama da allura, rana da iska suna ta zuƙe musu ruwa, ragowar saiwar kuwa ba ta iya mayar da abin da ya fita. To, ina ganye zai ƙi ƙonewa?

Fara duba daga ina launin ya soma. In tsofaffin ganye ne na can ciki kusa da gangar jiki, bakin rassa kuma kore shar, musamman da kaka, kwantar da hankalinka: ganyen sifurus yakan yi shekaru kafin ya faɗi, wahalar dashe ce ta gaggauta shi. In kuwa daga bakin rassa ne ko ƙololuwa, ko ɓangaren da iska ke bugawa, ruwa ne ba ya isa sama.

A nan ne masu koyo suke ɓata aiki. Da sun ji an ce ruwa sai su yi ta kwararawa, alhali saiwar da ta jiƙe ta ruɓe ita ma haka take sa ganye ya bushe. Don haka durƙusa ka tona da hannunka, zurfin santimita 10 zuwa 15, a cikin dunƙulen kansa, domin yakan bushe ƙayau ƙasar gefe tana da danshi. Damƙi ƙasar. In ta wargaje kamar gari, ba ta ruwa a hankali har ya ratsa. In ruwa na tsattsafowa tsakanin yatsunka, ko kana jin warin ruɓa, ɗaga ƙafa da ban ruwa. Tun da kana gindin, duba ko an binne wuyan bishiyar, wato inda ganga ke buɗewa ta zama saiwa. Dole ya kasance daidai da fuskar ƙasa. Igiya ko wayar da ta shaƙe gangar, yanke ta.

Sai an gama wannan ake zancen cuta. Tara farar takarda ƙarƙashin reshe ka kaɗa shi. In ka ga ɗige-ɗige suna motsi, ƙananan ƙwarin nan ne dangin gizo-gizo. In rassan ƙasa ne suka yi shunayya-shunayya, sa gilashin ƙara girma ka nemi baƙaƙen ɗigo jere a jikin ganyen. Wannan ce cutar Rhizosphaera, kuma takan yi kusan shekara kafin ta nuna, ka ga ke nan da ita bishiyar ta zo.

Kada ka zuba taki bana. Shimfiɗa ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8, kada ya taɓa gangar. Kada kuma ka yi saurin sare reshe: kankare ɓawonsa da farce, in cikin kore ne kuma idon tohonsa bai bushe ba, bar shi har lokacin sabon toho.