Tambaya da Amsa: Yaya waya ke gane kuɗi sun shigo alhali ba ta ɗauke da littafin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar POS a kasuwar Wunti, Bauchi, wani lokaci akan biya ni da Bitcoin. An ce littafin cinikin Bitcoin ya wuce gigabait 500, ni kuwa wayata mai 64 ce. To ta yaya take tabbatar min kuɗi sun shigo? Sannan wani yana tallata mana sabon koin, wai da "bishiya" aka gina shi, don haka babu mai kamo shi a sauri. Gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema.

Wayarka ba ta buƙatar littafin duka. Dabarar da take amfani da ita ita ce "bishiyar" da ka ji, ana kiranta bishiyar Merkle, ta ma girmi Bitcoin: Ralph Merkle ya nemi rajistarta a Amurka tun 1979, Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya ɗauko ta a takardarsa ta 2008. Kowane ciniki ana matse shi da lissafin SHA-256 ya koma ɗan hatimi mai bayit 32. Sai a haɗa hatiman biyu-biyu a fitar da sababbi, waɗannan ma a sake haɗa su biyu-biyu, har a tsaya kan guda ɗaya tak, shi ne saiwa. Duk wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a ƙasa, saiwar za ta sauya, asirinsa ya tonu.

Ka san in kana son tabbatar da sunanka yana lissafin masarauta, ba sai ka karanta sunan kowa a Bauchi ba. Mai unguwa, dagaci, hakimi, fada, shi ke nan. Haka wayar take bin reshenka kaɗai. Bulok (wato shafi guda na littafin) mai ciniki 4,096, hatimi 12 sun isa hujja, bayit 384 ke nan, bai kai nauyin hoto ɗaya a WhatsApp ba. Ko ciniki miliyan ne, 20 sun wadatar. Abin da wayar ke ajiyewa kawunan bulok ne, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da ke ɗauke da saiwar kowane bulok, kowanne bayit 80, kusan megabait 4 a shekara.

Amma fa ka duba manhajarka. Idan ta kamfanin canji ce, ba wannan lissafin take yi ba, maganar kamfanin kawai take nuna maka. Kuma kada ka miƙa tsabar kuɗi don an nuna maka hoton allo, ka jira cinikin ya shiga bulok.

Shi kuwa mai koin, rabin zancen ya faɗa maka. Bitcoin yana da bishiyar nan tun 2009, amma har yau a asalin layinsa kimanin ciniki 7 yake ɗauka a daƙiƙa, saboda girman bulok a ƙayyade yake, kuma sai kusan minti 10 ake fitar da sabo. Bishiya tana rage nauyin tantancewa ne, ba ta ƙara wa bulok faɗi. Inda ta taimaka wa sauri shi ne irin su Arbitrum da Optimism, tsare-tsaren da aka ɗora kan Ethereum (wani littafin koin daban da Bitcoin): su tara cinikayya a gefe, su kai wa Ethereum saiwar tare da bayanan a matse. Akwai kuma bishiyar Verkle da John Kuszmaul ya gabatar a 2018, mai ƙara gajarta hujja.

In ya dawo, ka tambaye shi kwamfutoci nawa ke riƙe da littafin koin ɗin, kuma na su wa ne. Idan duk na ogansa ne, ka bar kuɗinka a cikin POS.