Zan tafi karatu Tailan, yaya zaman yau da kullum yake a can?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dafatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne daga Zariya, Allah Ya sa na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a da ke Bankok, shekara biyu zan yi. Ban taɓa fita waje ba in banda Umara sau ɗaya, kuma abin da na sani game da ƙasar bai wuce shinkafarsu da muke ci ba. Dan Allah yaya batun abinci da sallah, yaya ake samun gida, kuma gaskiya ne wai suna tsangwamar baƙar fata? Mahaifiyata ta damu sosai.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sanya albarka a karatun, kuma ka gaishe min da Hajiya ka ce ta kwantar da hankalinta. Na daɗe ina zaune a Bankok, ɗalibai da ƴan kasuwarmu masu kawo duwatsu masu daraja da masu sarin kaya a kasuwar Pratunam da yawa sun bi ta hannuna, toh abin da na lura shi ne abinci da sallah da kake tsoro su ne mafi sauƙi. Abin da ke jefa mutanenmu cikin wahala anan abu biyu ne, sakaci da kwanan watan takarda, da kuma saurin ɗaga murya. Dan haka da takarda zan fara.

Tun daga gida, mai fasfo ɗin Najeriya sai ya haɗa da takardar wankewa ta hukumar NDLEA kafin a ba shi bizar Tailan, kuma tana ɗaukan lokaci, kar ka bari sai ana saura sati biyu. Sannan katin allurar shawara, wannan ruwan ɗorawar, dole ne, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. In ka sauka filin jirgin Suvarnabhumi kar ka bi ayari kai tsaye zuwa layin imigireshon, akwai teburin jami'an lafiya da za su duba katin tukuna, in ka tsallake shi sai ka gama bin dogon layi a maido ka baya. Tun 1 ga Mayun 2025 kuma akwai fom ɗin shigowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin sauka, TDAC sunansa, kyauta ne, duk shafin da ya ce ka biya kuɗi ba na gwamnati bane.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Bizar karatu da za a ba ka, in ka shigo kwana 90 kawai za a buga maka, kafin su cika makaranta za ta ba ka wasiƙa ka je ofishin imigireshon da ke Chaeng Watthana a tsawaita maka, kuɗinsa baht 1,900 (baht shi ne kuɗin ƙasar). Ranar da ke jikin hatimin nan ita ce ranar da zaka haddace kamar ranar haihuwarka, dan duk kwana ɗaya da ka wuce tarar baht 500 ce har ta kai 20,000, in kuma ka zarce ranar da sama da kwana 90 za a hana ka shigowa ƙasar shekara guda, wannan ma in kai ka kai kanka, in kama ka aka yi abin ya fi haka muni, sai an tsare ka kafin a sa ka jirgi. Bayan wannan akwai rahoton kwana 90, wato duk wata uku ka sanar da su inda kake zaune ko da bizarka ta shekara ce, ana karɓa daga saura kwana 15 har zuwa kwana 7 bayan ranar, in ka makara tarar 2,000 ce. Akwai kuma TM30, wannan aikin mai gida ne, doka ta ce cikin awa 24 da tarewarka ya sanar da hukuma cewa baƙo ya sauka gidansa, amma in bai yi ba kai ne zaka sha wahala ranar da ka je tsawaita biza, saboda haka kafin ka biya ko sisi ka tambaye shi zai yi maka TM30 ya ba ka rasit? In ya fara kame-kame ka nemi wani gidan.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne izinin sake shigowa. Wani yaro ɗalibi mai hankali da na sani, mahaifinsa ya rasu ya sayi tikiti a gigice ya tafi gida, bai san cewa in ka fita ba tare da wannan izinin ba bizar da aka tsawaita maka ta mutu nan take ba, sai da ya koma ya faro komai daga Abuja, zangon karatu guda ya tafi. Baht 1,000 ne kawai na fita sau ɗaya, 3,800 na fita sau da yawa, kuma har a filin jirgi ana yi. Ka rubuta wannan a bangon littafinka. Ka kuma sani bizar karatu ba ta ba ka damar aiki, ko ɗan aski ko saida abinci a bakin titi da wani zai ce ka taya shi, waɗannan ma suna cikin sana'o'in da aka keɓe wa ƴan ƙasa.

Gida kuma ba wuya. Yawanci za a ce kuɗin ajiya na wata biyu da hayar wata ɗaya, ranar da ka tare ka ɗauki hoton komai, bango, katifa, firij, dan kar ranar tashi a zaftare maka kuɗin ajiya akan ɓarnar da ba kai kayi ba. Ka tambayi nawa suke cajin yunit na wuta, na gwamnati wajen baht 4 ne amma wasu gidajen haya 7 ko 8 suke sawa, kuma da yake zafin Afrilu anan da gumi yake ba irin busasshen namu ba, na'urar sanyaya ɗaki zata ci maka kuɗi. Wutar dai ba a ɗaukewa. Ruwan famfo yawancin mutane ba sa sha, akwai injinan tace ruwa a ƙasan gidaje, ka sa baht ɗaya ka cika gorar lita. Shawarata ka zauna kusa da tashar jirgin ƙasan cikin gari, BTS ko MRT, ko kusa da makaranta ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta, dan cunkoson motar Bankok zai iya cinye maka awa biyu kullum. Ƴan acaɓansu masu riga ruwan lemo suna bakin kowane lungu, akwai manhajojin kiran mota Grab da Bolt, in tasi ka tare ka ce ya kunna mita. Ta hagu suke tuƙi, in zaka tsallaka titi dama zaka fara dubawa, wannan ba wasa bane a satin farko.

Layin waya da fasfo ake yanka, AIS ko True, kuma ka sauke LINE dan anan ba WhatsApp ake yayi ba, malaminka da mai gidanka da ƴan ajinku duk ta LINE za su neme ka. Da zarar ka samu wasiƙar makaranta ka buɗe akawun ɗin banki, saboda har mai saida ayaba a kasuwa da lambar QR ake biyanta, cire kuɗi da katin waje kuma sama da baht 200 injin ke cirewa duk sau ɗaya. In ka ga an rubuta 2568 a jikin rasit ko madara kar ka rikice, kalandarsu ta addinin Buda ta fi ta miladiyya da shekara 543, wato 2025 kenan. Suna gabanmu da awa 6, in zaka kira Hajiya bayan ta idar da sallar asuba kai kana wajen tsakar rana.

Toh abinci. Naman alade yana cikin girkinsu sosai, har a inda ba ka zata ba, romon taliya, man suya, ɗan niƙaƙƙen nama da ake barbaɗawa a kan ganye, dan haka kalmar farko da zaka koya ita ce "muu", alade kenan. "Mai sai muu" na nufin kar a sa alade, amma ni gaskiya ba na dogara da wannan tunda kasko ɗaya ne cokali ɗaya, kuma kazar ma ba ka san wa ya yanka ba. Abin da ya fi shi ne ka nemi rumfar Musulmi, kuma suna da yawa fiye da yadda kake zato, zaka gane su da alamar wata da tauraro ko mai girkin da ɗankwalinta. Musulmi kusan kashi 5 cikin 100 ne na ƙasar, a kudu irin su Pattani, Yala, Narathiwat da Satun su ne ma mafi rinjaye, kuma Majalisar Musulunci ta ƙasa tana sa tambarin halal a jikin kayan kanti, ko a kantin 7-Eleven ka juya leda zaka gani. Ka ɗanɗani "khao mok kai", shinkafa ce ruwan ɗorawa da kaza, kusan dafa-dukarmu, da miyar massaman da roti. In ba ka jure yaji ka ce "mai phet", barkononsu ƙanana ne amma sun fi attaruhu faɗa. In kewar gida ta taso, unguwar Nana wajen Sukhumvit Soi 3 cike take da gidajen abincin Larabawa, Pratunam kuma akwai na ƴan Afirka. Ka taho da kuka da kuɓewa busassa da daddawa a ɗaure da kyau, garin shinkafa kuwa ko'ina akwai, tuwo ba zai gagare ka ba. Kilishi dai ka bar shi a gida, an hana shigo da nama ba izini.

Masallatai suna nan birjik, akwai masallacin Haroon a Bang Rak mai tsohon tarihi, akwai Darul Aman wajen Ratchathewi, akwai babbar cibiyar Musulunci a Ramkhamhaeng, manyan kantuna da yawa ma suna da ɗakin sallah, in zaka tambaya ka ce "surao". Yawancinsu Shafi'iyya ne, zaka ga ƴan bambance-bambance da abin da ka saba, ka bi liman kawai ba sai ka tsaya gyara kowa ba. Ganin wata ofishin Shaihul Islam na ƙasar ke sanarwa, Chularatchamontri suke ce masa, amma ranar Sallah ba hutu bace a Bankok, ka faɗa wa malaminka da wuri, ban taɓa ganin wanda aka hana ba in ya yi magana cikin ladabi. Banɗakunansu kusan duk da ƴar mesar tsarki, buta ba zata zama matsala ba.

Maganar baƙar fata ba zan ɓoye maka ba, akwai. Za a kalle ka, wani mai gidan da ya ji Najeriya sai ya ce ɗaki ya ƙare, wani ɗan tasi ya wuce ka, ƴan sanda kuma sun fi tsayar da mu musamman wajen Nana da daddare, saboda wasu ƴan uwanmu sun ɓata suna da harkar ƙwaya da damfara. Abin yana da ciwo, ni ma an yi min. Amma zagi a fuska ko duka ba kasafai ba, kuma duk wanda ya saba da kai zaka same shi mai kirki da kunya. Kullum ka riƙe fasfo ko aƙalla kwafinsa da shafin biza da katin makaranta, in an tsayar da kai ka miƙa da fara'a, in abu ya rikice ka kira 1155, ƴan sandan baƙi ne suna jin Turanci, motar asibiti kuma 1669. Kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da ɗan unguwarku ne, kar ka ara wa kowa akawun ɗinka, sigarin lantarki ma haramun ne a dokarsu. In wani ya yi maka tayin aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka ya ce za a ɗauke ka a mota zuwa Mae Sot, ka gudu, bakin iyakar Myanmar ce, ta nan ake tsallakar da mutane sansanonin damfara na Myawaddy, ƴan Afirka da yawa sun faɗa.

Sai halin mutanen. Mu mun saba in an cuce ka ka ɗaga murya a taru a ba ka gaskiya, anan kuwa wanda ya fara ɗaga murya shi ya faɗi ko da shi ke da gaskiya, dan kunyata mutum a gaban jama'a babban abu ne a wajensu, ma'aikaciyar da ka yi wa tsawa zata yi maka murmushi amma takardarka ba zata motsa ba. "Jai yen yen" suke cewa, wato sanyaya zuciya. Suna da wani abu kuma "kreng jai", kusan karar da muke yi wa juna, mutum ba zai ce maka a'a kai tsaye ba, in ka ji ana ta "sai mun duba" toh ka gane. Bahaushe ba baƙon wannan bane, yadda kake yi a gaban surukai haka zaka yi a ofis. Ka riƙa ƙare magana da kalmar ladabi "khrap", wanda ya girme ka ka ce masa "phi", ƙarami "nong", kamar dai yaya da ƙane. Gaisuwarsu haɗa tafin hannu ce a ƙirji, in zuciyarka ba ta kwanta da ita ba ka ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi, suna zaune da Musulmi sun san wannan. Kar ka dafa kan kowa ko da yaro ne, kar ka nuna abu da ƙafa ko ka miƙe ta wajen mutum, ka cire takalmi a ƙofar gida, kuma ka bar gumakansu da limamansu masu rigar ruwan goro, ba ruwanka.

Maganar Sarki kuwa kar ka sa baki sam, ko a hira ko a Facebook, ko da ɗan ƙasa ne ya fara, sashe na 112 na dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne kuma bai bar baƙo ba. Kuɗi in ya faɗi kar ka take shi da ƙafa, hoton Sarki ne a jiki. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa, in ka ga kowa ya tsaya cak kai ma ka tsaya. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu kuma bikin Songkran ne, ana watsa wa kowa ruwa a titi ba a tambaya, ofisoshi a rufe, dan haka in ranar rahotonka ko ta bizarka ta faɗo kusa da nan ka je tun farkon wata, in ka fita kuma ka sa fasfo da waya cikin leda. In ka sa ranar tafiya ka sake rubuto min ka faɗa min wace unguwa makarantar take, sai in gaya maka masallacin Juma'a da ya fi kusa da kai.