Injin matsa takalma ya rage ƙarfi: a ina iskar ke salwanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon haɗa takalma a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Na sayi injin matsa na hannu, mai aiki da iska, muna manna tafin takalmi da shi, muna kuma buga tambari a fata. Da farko yana dannawa sosai. Yanzu yana sauka a hankali, tafin ba ya kamawa, wani lokaci har ruwa ke fesowa ta wajen bawul. Wani ya ce in ƙara masa iska, wani ya ce silinda ce ta mutu. Don Allah a fahimtar da ni yadda yake aiki da kayan da ya dogara da su.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar sayen silinda, kada kuma ka murɗa iska ta wuce ƙa'ida. Alamun da ka faɗa sun fi nuna cewa matsalar tana kan hanyar da iska ke bi kafin ta isa silinda.

Kwamfresa tana zuƙar iskar ɗaki, ta cusa ta cikin tanki. Irin ƙananan da ake gani a shaguna yawanci suna mutuwa da kansu in geji ya kai bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), su sake tashi in ya sauka wajen bar 6. Daga tanki iska na bi ta tiyo zuwa wasu kaya guda uku da ake jerawa a gefen inji: filta mai kofi a ƙasa, wadda ke tare ƙura da ruwa, ragileta, wadda ke tsayar da ƙarfin iskar a inda ka saita, sai kofin mai, in akwai. Daga nan sai bawul, sannan silinda. A cikin silinda akwai fistin mai zoben roba, da sandar ƙarfe da ta fito ta ƙasa, wadda ke ɗauke da faranti ko tambarin. Famfon keke ne aka juya: maimakon hannu ya tura fistin ya fitar da iska, iska ce ke tura fistin ya yi aiki.

Bawul ɗin da aka fi sa wa irin wannan inji yana da ƙofofi 5 da matsayi 2. Ƙofa ɗaya ta shigar iska, biyu suna zuwa saman silinda da ƙasanta, biyu na fitar da iskar da ta gama aiki. In ka danna maɓalli ko ka taka feda, wuta ta shiga kwayil, wato naɗin wayar da ke motsa bawul, sai bawul ya karkatar da iska zuwa saman fistin, ya buɗe wa ta ƙasa hanya ta fice. In ka saki, sai a yi akasin haka, sanda ta koma sama.

Ƙarfin dannawa kuwa lissafi ne, kuma yana da kyau ka iya shi. Ana ninka ƙarfin iska da faɗin fuskar fistin. Bar ɗaya daidai yake da kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Silinda mai faɗin milimita 100 fuskar fistinta murabba'in santimita 78.5 ce, don haka a bar 6 za ta danna da kusan kilo 480. Mai milimita 63 kusan kilo 190 kawai take bayarwa, mai 80 kusan 300, mai 125 kusan 750. Duba jikin silindarka, galibi akwai lambobi biyu, kamar 100 da 150: na farko faɗi ne, na biyu tsawon tafiyar sanda. In gejinka da psi aka rubuta shi, bar 6 wajen 87 ne.

Wannan lissafin ne zai nuna maka dalilin da ya sa tafi ya fara ƙin kamawa alhali tambari yana fita. Kilo 480 a kan tambari mai murabba'in santimita 10 ya zama kilo 48 a kowane guda. A kan tafin takalmi mai murabba'in santimita 200, kilo 2.4 ne kacal. Da zarar iska ta sauka zuwa bar 4, ƙarfin ya koma kilo 320, kuma tafi ne zai fara nuna wannan ragi. (Ka tabbatar dai gam ɗin ya sha iska yadda ya kamata kafin a haɗa, domin ba injin da zai gyara gam da aka manna da ɗanyensa.)

To, ga yadda za ka gano inda laifin yake. Ka sa ido a kan gejin ragileta, wani ya danna injin. In allura ta faɗi sosai lokacin da sanda ke sauka, sannan ta dawo bar 6 bayan ta tsaya, iska tana nan amma hanyarta ta ƙuntace: filta ta toshe, ko tiyo ya lanƙwashe, ko ya yi siriri da tsawo. Silinda mai milimita 100 ba ta son tiyo na milimita 6. A ba ta na 10 ko 12, kuma bawul ya kasance kusa da ita. A irin wannan hali injin zai kai cikakken ƙarfinsa, amma a makare, kuma in kana saurin saki ko an saita agogon da ke ƙayyade lokacin dannawa a gajere, zai tashi kafin ya danna da gaske. Ka duba kuma 'yan matosan tagulla masu ƙananan huji da ke bakin ƙofofin fitar iska, waɗanda ke rage ƙara. Mai da ƙura kan liƙe su, iskar ƙasa ta rasa mafita, sanda ta riƙa sauka kamar ba ta so. Ka kwance su ka gwada. In injin ya yi sauri nan take, ka gano ɓarawon. Haka 'yan sukurorin saita gudu da ke bakin silinda, wataƙila an ɗaure su da yawa.

In kuwa allura ta faɗi ta ƙi dawowa, ko dai yoyo ne ko kwamfresa ta gaza. Ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowace mahaɗa, kumfa zai tona wurin. Game da kwamfresa, silinda mai faɗin milimita 100 da tafiyar milimita 100 tana cin kusan lita 11 na iskar ɗaki a sauka da hawa ɗaya a bar 6. Sau 10 a minti ya zama lita 110. Adadin da ake rubutawa a jikin ƙananan kwamfresoshi yawanci na iskar da suke zuƙa ne, abin da suke bayarwa a ƙarƙashin matsi bai kai haka ba. Girman tanki ba ya ƙara iska, jinkiri kawai yake ba ka kafin ta ƙare.

Sai bayan wannan duka za a tuhumi silinda. A danna injin har ƙarshe, a riƙe shi a haka, ka saurara a bakin bawul. In iska na fita ba tsayawa, ka zare tiyon da ke ƙasan silinda, wanda ba iska a cikinsa a lokacin. In daga ramin silinda iskar ke fitowa, robar fistin ta cinye, tana tsallake iska daga sama zuwa ƙasa. In daga tiyon take fitowa, bawul ne. Ka mayar da tiyon kafin a saki maɓalli, kuma hannunka ya yi nesa da faranti. Ko da robar ce, ana sayar da saitin robobi daidai da lambar silinda, ba sai an sayi sabuwa ba, sai dai in cikinta ya kurje ko sanda ta karkace.

Ruwan da kake gani shi ya fi damuna, domin shi ke kashe sauran kayan. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar kusan giram 30 na tururi a kowace lita 1,000. Idan aka matse ta kuma ta huce a tanki, mafi yawan tururin sai ya koma ruwa. A watan Agusta, kwamfresa mai zuƙar lita 150 a minti tana iya tara fiye da rabin lita in ta yi awa 4 tana aiki. Ruwan nan yana wanke giris ɗin da ke cikin silinda, ya sa bawul ya riƙa maƙalewa, ya ci tanki da tsatsa daga ciki. A ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfo. Ka buɗe shi kullum bayan tashi daga aiki, ka zubar da na kofin filta kafin ya kai layin da aka zana. Tunda har ya kai ga bawul, mai yiwuwa kofin ya cika ya tumbatsa ke nan. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: filtar bakin kwamfresa tana buƙatar kaɗewa kowane mako, kuma kada a ajiye ta kusa da inda ake goge tafi, inda garin roba ke tashi.

In injinka na da kofin mai, siririn man da aka yi domin haka ake zubawa, mai lamba 32, ɗigo kaɗan. Baƙin man mota ba na nan ba ne, yana ɓata roba ya danƙare bawul. Silindodin zamani da yawa suna zuwa da giris ɗinsu, ba sa buƙatar mai. Amma wadda aka saba ba ta, dole a ci gaba. Kwayil kuma ka karanta jikinsa kafin ka musanya, akwai na bolt 24 akwai na 220. In wuta ta yi rauni za ka ji yana ƙugi, bawul bai juya ba, kuma haka yake ƙonewa.

Kada a ja layin iska da bututun ruwa na roba, yana fashewa ya watsa ɓaraguzai. Kada a ɗaure bawul ɗin kariya na tanki, kada kuma a yi wa tankin da tsatsa ta huda walda. Maɓallai biyun da ke gaban injin an sa su ne don hannaye biyu su kasance a waje lokacin da faranti ke sauka. Wanda ya liƙe ɗaya da salatif don sauri, yatsun yaran shagonsa ya sa a caca. Kafin ka taɓa komai, ka kashe wuta, ka rufe iska, ka sauke wadda ta rage har geji ya nuna sifiri, sannan ka tokare farantin da katako, domin yana iya zamowa ƙasa da nauyinsa in iska ta fice.