Ko Ya Koma Wa Sigarin? Amsa Ga Kawu Kan Gyambon Babban Hanji

Wannan saƙon murya ne da ɗanmu likita ya turo zauren 'yan uwa daga Katsina, aka rubuta shi saboda waɗanda ba su samu saurare ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, barka da dare, ina gaishe ka da iyali, ina kuma gaida iyaye da yayye da ke cikin wannan zaure. Na saurari saƙonka tun bayan la'asar, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Abin da na fahimta shi ne, Yaya, wanda aka tabbatar masa da gyambon babban hanji shekara biyu da suka wuce, ya ajiye sigari a azumin da ya gabata, ga shi yanzu ciwon ya taso masa, yana zagayawa sau huɗu ko biyar a yini da jini da majina. Sai wani abokinsa ya karanto a intanet cewa taba tana kwantar da wannan ciwo, shi ne kake tambaya ko a ƙyale shi ya koma mata. Tunda ka ce shi da kansa ya yarda a yi maganar a nan, zan yi ta a buɗe.

Kawu, abokin nan bai yi ƙarya ba, kuma gara in faɗi haka tun farko, domin idan na ce tatsuniya ce, gobe Yaya ya binciko ya ga akasin haka, ba zai ƙara yarda da maganata ba. A shekarar 1982 wasu likitoci a birnin Kadif na Birtaniya suka lura cewa a cikin masu wannan ciwo da suke dubawa, kashi 8 cikin 100 ne kawai ke shan sigari, alhali a cikin sauran mutanen da aka kwatanta su da su kashi 44 ne. Daga baya aka yi ta ganin haka a wasu ƙasashe, aka kuma ga cewa ciwon yakan fara bayyana ga wasu bayan sun daina shan tabar. Wannan abu ya ba likitoci mamaki ƙwarai, musamman da yake ɗan'uwan ciwon, wanda ake kira cutar Kuron, sigari ƙara rura shi take yi.

To amma maganar ba a nan ta tsaya ba, abokin Yaya ne ya tsaya a nan. Mutanen Kadif ɗin suka ce, idan sinadarin nikotin ne ke yin aikin, bari a raba shi da hayaƙi a ba marasa lafiya ta filastar da ake mannawa a fata. A 1994 suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 72 da ciwon ya taso musu, na tsawon mako shida. Cikin 35 da aka manna wa filastar gaske, 17 ciwon ya lafa musu. Cikin 37 da aka manna wa wadda ba komai a cikinta, 9 ne ya lafa. Sai dai a lura, Kawu, dukkansu suna kan maganinsu na asali, ba a ce su ajiye shi ba, kuma da yawa sun yi ta fama da tashin zuciya da jiri da ciwon kai da rashin barci. A shekarar da ta biyo baya aka gwada filastar na wata shida don a ga ko za ta hana ciwon dawowa, ba ta hana ba. Da aka kwatanta ta da magungunan da muka saba bayarwa, ba ta fi su ba. Sannan a 2019 wani nazari a Ingila ya bi tarihin masu ciwon sama da 6,000, aka tarar masu shan taba ba su fi waɗanda ba su taɓa sha ba tsira daga kwanciya asibiti ko cire hanji, waɗanda suka daina kuma ciwon nasu bai fi tsananta ba.

Saboda haka amsata ita ce kada ya koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta, kuma akwai wani abu da ya shafi Yaya kai tsaye: lokacin da wannan ciwo ya taso, jini yana saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, gudan ya tafi huhu, har shi ya sa muke yi wa waɗanda aka kwantar allurar tsinka jini duk da cewa suna zubar da jini. Sigari kuwa ƙara wannan haɗari take yi. Mutumin da Allah ya taimaka ya rabu da ita bayan shekaru, ba na jin daidai ne a mayar da shi saboda abin da yake da magani.

Abin da ya fi damuna a saƙonka ma ba sigarin ba ne. Ka ce ya samu prednisolone, maganin da ke kwantar da kumburi ta hanyar rage ƙarfin garkuwar jiki, a kemis ya fara sha, saboda ita ce ta taimake shi wancan karon. Don Allah a kira likitansa gobe da safe a gaya masa adadin da yake sha da kwana nawa ya yi, kada kuma ya yanke ta da kansa farat ɗaya. A ƙasarmu, ba kowane bayan gida mai jini ba ne tashin wannan ciwo, ko ga wanda aka riga aka san yana da shi. Atini yana zuwa da kamanni iri ɗaya, kuma idan ƙwayar amiba ce ke cin hanji aka ɗora mata prednisolone, an ɗaure wa jiki hannu ke nan an sakar mata fili, har hanji yana iya hujewa. Gwajin bayan gida shi ne matakin farko, da gwajin yawan jini.

Idan an tabbatar ciwon ne ya motsa, akwai matakai, kuma daga bayaninka Yaya bai gama da na farko ba. Ciwon nan daga dubura yake farawa ya hau sama, don haka maganin da ya fi saurin kai wa gare shi shi ne wanda aka shigar ta ƙasa. Maganin matakin farko, wato mesalazine, tana zuwa a ƙwayar haɗiya, tana kuma zuwa a ta cusawa, giram ɗaya da dare, da ta ruwa da ake ɗurawa idan gyambon ya ɗan hau. Haɗa ta sama da ta ƙasa ya fi kowace ɗaya ita kaɗai aiki. Na san abin da ke faruwa da ta cusawar. Wani dattijo ya taɓa dawo mini yana cewa magani ya ƙi, da na nemi ganin ledarsa sai ga ƙwayoyin haɗiya sun ƙare, na cusawar kuwa ko ɗaya bai ɓare ba, sun narke a cikin takardarsu saboda ya bar su a aljihun mota cikin zafin Afrilu. Kunya ce ta hana shi, bai kuma iya faɗa ba sai da na tambaya sau biyu. A tambayi Yaya a keɓe, kuma a ajiye maganin a wuri mai sanyi, ko da gindin randa ne.

Na san mesalazine tana da tsada, wani lokacin ma sai an aika Kano. Sulfasalazine ta fi araha kuma tsohon magani ne mai aiki, tun shekarun 1940 ake amfani da ita. Amma tunda Yaya bai daɗe da aure ba, ya kamata ya sani tana rage ƙwayoyin haihuwa na namiji muddin ana shanta, suna kuma dawowa bayan an daina. Wannan shawara ce tsakaninsa da likitansa.

Prednisolone sai idan waɗannan sun gaza, ko ciwon ya zo da ƙarfi. Yawanci miligiram 40 ake farawa da shi a riƙa ragewa cikin mako shida zuwa takwas. Maganin kashe gobara ce, ba a zama a kanta, domin tana kawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Wanda ya buƙace ta sau biyu a shekara ɗaya, lokaci ya yi da za a yi maganar azathioprine ko allurai irin su infliximab, magungunan da ke danne garkuwar jiki, waɗanda ba a fara su sai an yi gwajin tarin fuka da ciwon hanta, saboda suna iya tayar da wanda ke kwance. A halin yanzu ya nisanci diclofenac da ibuprofen, suna iya tsokano ciwon. Idan jiki na ciwo ya sha farasitamol. Maganin tsayar da gudawa ma ya bar shi, domin a lokacin tsanani yana iya sa hanji ya kumbura ya daina motsi.

Ga abin da nake so Inna ta riƙe, tunda ita ce ke kusa da shi. A samu takarda a liƙa a bayan ƙofar ɗakinsa, duk zagayawa ya ja layi ɗaya, idan da jini ya sa ɗigo a kai. Ranar da layukan masu jini suka kai shida a yini, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya ya haura 90 a minti, ko idonsa ya yi fari yana jiri, ko ciki ya kumbura yana ciwo, to ba a jira wayewar gari ba, a ɗauko shi daga Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Wannan ma'auni tun 1955 likitocin Okusfod suka kafa shi, har yau da shi muke aiki. A irin wannan hali ta jijiya ake ba da magani, a duba a kwana na uku a ga ko ya karɓa.

Idan kuma ƙishin sigarin ne ke damunsa, ya faɗa, akwai filastar nikotin da cingam ɗinta da aka yi don masu dainawa, sai mu duba wanda ya dace da shi. Kawu, ku turo mini hoton takardar leƙa hanjin da aka yi masa da hoton duk kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya idan akwai. Kuma kada ya sha Flagyl kafin ya kai bayan gidansa a yi gwaji, zai ɓata sakamakon. Allah ya ba shi lafiya, a gaida Inna. Sai da safe.