Kacalla Ta Toshe Mana Hanyar Ruwa, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman shinkafa a fadamar Haɗeja, wajen Guri. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta cinye mana hanyar ruwa, kifi ya ragu, tsuntsun jan-baki kuma ya samu wurin kwana. Mun sa mata wuta, ta dawo fiye da da. Me mutanen gari za su iya yi da hannunsu? Daga wani manomi a Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wuta ganye kawai take ci. Saiwar tana nan kwance cikin laka, tokar ma taki ce gare ta.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan fadamar Haɗeja zuwa Nguru ya daina cika ya janye kamar da. Ana sakinsa har da rani, sai ya kwanta marar zurfi shekara zagaye, abin da kacalla ke so ke nan. Madatsa ta fi ƙarfinku, amma ciyawar ba ta fi ba.

Ta ganye take kai iska ga saiwarta. Don haka a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, santimita 15 zuwa 20 ƙasa da samansa, kafin ta fitar da kai. Idan ruwa ya rufe kututturen na makonni, saiwar za ta shaƙe ta ruɓe. Wadda ta sake leƙowa a maimaita mata, sau biyu ko uku a shekara. Inda aka fi yin kuskure shi ne barin yankakken cikin ruwa, ya taru ya sake toshe hanyar; a ja shi tudu ya bushe. Masu shiga su sa dogon takalmin roba, akwai tsargiya a irin wannan ruwa.

Aikin gayya ne, kuma ba na gari ɗaya ba. Idan kun gyara naku, na ƙasa da ku suka bar nasu, ruwan zai koma cikin gonakinku.

Sai a daina ciyar da kacallar. Takin zamanin da ruwa ya wanke daga gona, ita ke sha. Yuriya, wato farin taki, a raba ta kashi biyu, a rage ruwan fangali kafin a zuba, kar a saki ruwan sai bayan kwanaki. A bar aƙalla mita biyar daga gaɓa ba noma, a dasa ciyawar jema a jere, tazarar santimita 15, ta tare laka. Wanke injin feshi a rafi kuwa, ko zuba guba don kama kifi, a sa masa tara mai zafi.

Dokar ba za ta zauna ba sai an yi ta gaban mai gari, da sarkin noma, da sarkin ruwa, da arɗo. A shata burtali da mashaya tun kafin shuka, don makiyayin da aka toshe wa hanya ta kan jemar zai bi.