Me Ya Sa Irin Daliya Ba Ya Ɗauko Uwarsa

Kai yaro, ka ce ka shuka irin da ka cire daga jar daliyar nan, furen lambu mai dankali a gindi, ga 'ya'yan sun fito wasu ruwan hoda wasu rawaya, wai ko irin ne ya lalace. Babu abin da ya lalace, halinta ke nan. Ku yaran yanzu kun haddace labarin Mendel mai binciken gado da wakensa, 'ya'ya uku masu kama ɗaya, ɗaya mai wata kama, sai ku ɗauka kowane tsiro zai ba ku wannan lissafin. Waken nan bibbiyu yake ɗauke da kowace ƙwayar gado, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba. Daliyar lambu, wadda asalinta Meziko ne, takwas-takwas take ɗauke da su, kuromosom 64, wato zaren da ke riƙe da ƙwayoyin gado. To ka ga kakan kaka ma yana iya leƙowa a fuskar jika.

Yadda ake ɗaukar garin fure da buroshi ba zan tsaya koya maka ba, kana da ido. Ka dai rufe furen da ƙyalle mai shara-shara tun kafin tsakiyarsa ta buɗe. In ƙudan zuma ya riga ka, ba ka san uban 'ya'yanka ba.

Tambayar nan taka ta fama mini wani tsohon miki. Shekara huɗu ina barbara ina tugewa ina zubarwa, kafin na sami wata guda: ja mai duhu kamar jinin da ya kwana, bakin kowane ganyen furen fari tas, karan a miƙe ko iska ba ta kwantar da shi. Na sake shuka ta shekara biyu don in tabbatar ba za ta canza ba. Sai ga wani mai saye, bakinsa kamar zuma, maigida kaza maigida kaza, wai dankalinta guda ɗaya yake so ya ajiye a gidansa don sha'awa. Da hannuna na yanka masa, har na zaɓa masa mai ido biyu a wuya. A shekarar nan sauran dankalin nawa suka ruɓe a ajiya, danshi ya shige su. Na je wurinsa, ya ce tasa ma ta mutu. Bayan shekara biyu na gan ta ana sayarwa da sunan da shi ya raɗa mata. Ashe tsironta ya yi ta yanka yana dasawa, don dankali da yankan tsiro su ne ke maimaita uwa sak.

Na koma kan irin da na adana daga jikinta, na shuka duka. Jajaye sun fito, masu farin baki ma sun fito, amma ita ko mai kama da ita babu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Waɗannan naka kada ka tuge su tukuna. Bari kowanne ya buɗe fure uku, ka ɗaura wa wanda ya yi maka alama, ka rubuta uwarsa, sannan ka kira ni in gani.