Amsa: Shatar jirgin ruwa na wuni ɗaya a Zanzibar

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka ɗauki shatar jirgi daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kai da iyali, ku zaga tsibiran kusa, a tsaya yara su yi iyo. Shatar ta fi shiga ayari, domin lokacinku na hannunku.

Ku fara da Changuu, wanda ake kira Prison Island, tafiyar kusan rabin awa. Gidan yarin da aka gina a can a 1893 ya koma wurin killace marasa lafiya. Yara kam manyan kunkuru ne za su ɗauke musu hankali, waɗanda aka kawo asalinsu daga Seychelles a 1919. Kuɗin shiga tsibirin daban yake, ku daidaita wannan tun a gaɓa.

Iyo sai Nakupenda. Tudun yashi ne fari fat a tsakiyar teku, ba bishiya ko ɗaya, kuma in ruwa ya cika yana shanye shi. Nan ake yawan kuskure, mutum ya tsayar da lokaci bai tambayi sa'ar janyewar ruwa ba. Bar wa matuƙi wannan, amma ka tabbatar zai zo da rumfa da ruwan sha.

Don Allah kada jirgi ya tashi sai ka ƙirga rigunan kariya, har da masu daidai jikin yara. Gwanin rafi ma baƙo ne a teku. Ku guji Afrilu da Mayu saboda ruwan sama. Mai juna biyu ko mai ciwon zuciya, a tuntuɓi likita tukuna.